Katin Awon da Na Tafi da Shi

Zuwa ga matata Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya ƙara haskaka makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta kai gare ki ba, ba kuma za ki ji ko kalma ɗaya daga cikinta ba. Shekara goma sha uku muka yi tare ban taɓa rubuta miki komai ba, sai yau da shekara goma sha ɗaya ke nan da rufe ki. Ina zaune kan benci a farfajiyar asibiti, an idar da la'asar. Na sayi littafin 'yan makaranta a shagon bakin ƙofa na ɗora shi a gwiwa. Tsoro nake ji, Hajara, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Bari in fara da labarin gida, kada ki ce na manta da ladabi. Muna nan Runjin Sambo, gidan da kika sani, sai dai katangar ƙasa ta faɗi da damina mun sa ta bulo. Ina nan da rumfar hatsina. Sani ya zama saurayi, yana gyaran waya, ba ya son ƙurar gero. Kulu tana ajin ƙarshe a sakandare, ta fi ki tsawo, amma tafiyarki ta ɗauko. Na sake aure bayan shekara uku da rasuwarki. Rabi sunanta, bazawara ce daga Dange, ta riƙe miki 'ya'ya da amana.

Sai Lami, ɗiyar farin da ba ki taɓa kiran sunanta na yanka ba don kunya. Bara ta yi aure. Ita ta zaɓi mijinta, ban matsa mata ba. Nasiru sunansa, yana sayar da kayan gyaran babura, suna zaune a Mabera. Tana da ciki wata takwas. Yanzu haka tana cikin ginin da ke bayana, kuma ciwonki ne a jikinta. Shi ne sak.

Kin tuna cikinki na huɗu? Ƙafafunki suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, zoben azurfar nan sai da aka yanke shi daga yatsarki. Kika roƙe ni in bar ki ki je awo, na bar ki. Kika je sau biyu, malamar asibiti ta ce jininki ya hau, ta ba ki magani. A zuwa na uku aka yi miki hoton ciki, kika dawo kina ba ni labari kina dariya, cewa kin ga kan yaron a talabijin, kuma mai ɗaukar hoton wani ɗan saurayi ne mai kunya. Ba ki ɓoye mini komai ba. Kika ce sun ce lalle ki koma ranar Litinin, ƙila ma su kwantar da ke.

Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ya faru a majalisarmu ta ƙofar tela. Matar wani ta gan ki a asibiti, ta faɗa wa mijinta. Ina zuwa ya ɗaga murya ya ce Garba ya waye, ya bar ƙato yana shafa cikin matatai. Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariya tare da su, amma na shigo gida kaina yana hayaƙi. Na ce miki an gama awo. Kika ce, Malam, kaina kamar ana sara, kuma ina ganin wuta-wuta a idona. Na ce duk mai ciki haka take ji, uku kika haifa a ɗakin nan ba tare da kowa ya ɗauki hotonki ba. Ba ki taɓa yi mini gardama ba, kuma da wannan nake bugun ƙirji a cikin maza.

Har nan kin sani. Ga wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba har jiya.

Ranar Litinin ɗin ina da tafiya kasuwar ƙauye can gaba da Wurno, saro shinkafa. Na san inda kike ajiye katin awonki, cikin samira ta sama a jeren kwanoninki. Kina banɗaki na buɗe ta, na ɗauke katin, na sa a aljihun gaba. Na ji tsoro kada in ba da baya ki tafi. Kika fito kika riƙo mini jaka har zaure, kika ce Allah Ya kiyaye hanya, Allah Ya ba da kasuwa. Na amsa da amin, katin yana taɓa ƙirjina.

Sauran Goggo Tumba maƙwabciyarmu ce ta ba ni labari, ba tare da ta san me take faɗa mini ba. Ta ce da hantsi ta shigo ta same ki kin sauke kwanoni gaba ɗaya kina nema. Kika nema, kika nema, sai kawai kika tsaya, kika zauna bakin gado kika ce, bari dai, Malam bai so. Ta ce ki tashi ta raka ki ko ba kati, za su duba ki. Kika ce ban ba ki izini ba. Kin gane ke nan, ko? Kin gane ni na ɗauka. Me kika ji a ranki a lokacin? Shekara goma sha ɗaya ina yi wa kaina wannan tambaya.

Da azahar jijjiga ta kama ki. Lami, tana da shekara goma sha biyu, ta fita ba takalmi tana ihu a layi. Mata suka cika ɗaki, maza suka taru a ƙofar gida. Aka yi ta kiran wayata ba ta shiga. Akwai mai mota a layinmu, yana tsaye da makulli a hannu, amma aka tsaya shawara: wa zai ɗauki matar mutum ya kai asibiti mijinta ba ya nan, alhali an san ya hana? Kowa ya san na hana, ni da bakina na faɗa a majalisa. Sai aka tura ɗan kabu-kabu ya nemo wana, Yaya Umaru, a kasuwa. Kafin a same shi, kafin ya zo ya ce a tafi, la'asar ta kawo jiki. A asibiti ba ki yi awa ɗaya ba. Kika tafi da abin da ke cikinki.

Na dawo da magariba a saman buhuna, ina murna na sami kaya da sauƙi. Tun daga bakin layi na hango tabarmi.

Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce kwana ne ya ƙare, in ce haka ne. Kuma haka ne, ban musanta hukuncin Allah ba. Amma kwana uku na yi zaune kan tabarmar makoki da katin nan a aljihu, ina karɓar hannun mutane. Ran na uku na jefa shi a masai. Mutumin da ya yi mini ba'a a majalisa shi ya fi kowa kuka a maƙabarta. Na tabbata ya manta ya taɓa faɗin komai. Don dariyar da ba ta kai minti ɗaya ba na yi abin da na yi.

Rabi takan yi mamakina. Ko atishawa ta yi sau biyu sai in ce ta ɗauki mayafi mu tafi asibiti. Tana faɗa wa 'yan'uwanta ta yi dacen miji mai tausayi. In na ji ta faɗi haka sai in tashi in fita.

To, mako biyu da suka wuce Lami ta zo wuni gida. Nasiru ya sauke ta a babur. Ina zaure na ga ta shigo da silifas ɗin namiji a ƙafa, nata sun ƙi shiga. Ta durƙusa ta gaishe ni, na ga fuskarta ta cika, idanun sun shige ciki. Da za ta tashi sai ta dafa bango ta rintse ido. Hajara, ba ita na gani ba. Ke na gani.

Kin san uba ba ya yi wa ɗiyarsa maganar ciki. Na kira Rabi gefe na ce ta tambaye ta. Ta dawo ta ce ko sau ɗaya Lami ba ta je awo ba. Uwar Nasiru ta ce cikin fari ba a yawo da shi gaban mutane, ita takwas ta haifa a gida, jiƙo ya ishe ta. Nasiru kuma ya ce a bi maganar Hajiya tukuna. Lami ta gama sakandare, ta san abin da kumburin nan yake nufi, ita da ta ga naki da idonta. Amma ta ce wa Rabi ba ta so ta fara zaman aure da gardama, kada a ce ba ta sami tarbiyya ba don uwarta ta mutu. Kin ji? Sunanki take karewa.

Na je wurin Yaya Umaru, ya tsufa yanzu, ba ya fita. Ya ce in ka aurar da ɗiya ka cire hannunka, in ka fara shiga gidanta kai za ka kashe mata aure. Na tura Rabi wurin Hajiyar Nasiru, ta dawo da goro da daɗin baki. Da Nasiru ya zo gaishe ni ranar Juma'a na yi ta kewaye-kewaye, na ce ai zamani ya canza, asibiti ba laifi ba ne. Yana durƙushe, kai a ƙasa, ya ce, insha Allahu Baba, in na dawo daga Kano saro kaya zan kai ta. A hankali ya faɗa, cikin ladabi. Yaron kirki ne, ba ya zagi, ba ya duka, ba ya barin ta da yunwa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ni ma yaron kirki aka ce da ni. Innarki har yau haka take cewa.

Kwana biyar na yi abinci ba ya wuce mini. A rumfa mai saye ya ce tiya biyu in auna masa uku. Na ga abu biyu a gabana: ko in riƙe mutuncina in yi shiru kamar kowane suruki, ko in tona kaina. Kada ki ɗauka da sauri na zaɓa. Har ranar ƙarshe ina neman wata hanya da ba sai na faɗi ba.

Jiya Laraba ita ce ranar tafiyarsa. Gari na wayewa na hau keke napep zuwa Mabera. Na same shi yana ɗaure jaka. Ya rikice da ganina, don ban taɓa taka gidan ba. Ya shigar da ni falo, ya zauna a ƙasa. Na ce ya saurare ni kada ya katse ni. Na faɗa masa duka: majalisa, samira, aljihu, mai mota da makulli a hannu, masai. Ban rage komai ba. Na yi kuka a gaban surukina, Hajara, ni da ban yi kuka a gaban kabarinki ba don kada a ce na gaza. Ya rasa inda zai sa idonsa.

Sai na ji an ajiye faranti a ƙasa bayan labule. Lami ce, ta kawo mini kunu. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ba ta shigo ba. Na ji tafiyarta tana komawa ɗaki, tana jan ƙafa.

Nasiru ya tashi ya kwance jakar, ya fita ya tsayar da keke napep. Bai je ya faɗa wa Hajiyarsa ba, sai daga baya ya kira ta a waya. Mu uku muka shiga. Daga Mabera har ƙofar asibiti Lami ta juya fuska tana kallon titi.

Malamar da ta auna ta ta sake aunawa, ta kira wata ita ma ta auna. Ba su bar ta ta sake taka ƙasa ba, a keken marasa lafiya suka tura ta. Likitar mace ce, ba ta kai Rabi shekaru ba, amma ta tsare mu da ido ta ce ina muke tun tuni. Suka yi mata allurai, suka sa mata ruwa. Jiya hawan jinin bai sauka ba, yau da safe ma bai sauka ba. Da azahar likita ta ce ba za su ƙara jira ba, sai an yi aiki an ciro yaron, in ba haka ba za a iya rasa su duka biyu.

Aka kawo takardar sa hannu. Nasiru ya miƙa hannu zai karɓa, likita ta ce a'a, tana cikin hayyacinta, jikinta ne, ita za ta sa. Ta ba Lami biro. Ni ban taɓa sanin haka abin yake ba. Lami ta riƙe biron, takarda a kan cinyarta, kanta yana sara, amma ba ta rubuta ba. Ta ɗaga ido ta kalli Nasiru, ta jira. Sai da ya gyaɗa kai sannan ta sa hannu. Na san kallon nan. Shekara goma sha uku ana yi mini shi ina jin daɗi. Wa ya koya mata? A gidana ta koya. Kulu ma tana can tana koya, kuma ban san yadda ake cire shi ba.

Da za su tura ta ɗakin aiki suka bi da ita ta gabana. Tun jiya ba ta ce mini uffan ba. Ta sa hannu ta riƙe ƙarfen gado, suka tsaya. Ba ta kalle ni ba, rufin ɗaki take kallo. Ta ce, Baba, ni nake ciro wa Inna katin nan ina karanta mata ranar komawa. Ranar ta ce in duba ƙarƙashin gado, na duba har sau uku. Na ɗauka ni na ɓatar da shi.

Suka tura ta.

Hajara, kin ji abin da na yi? Ban tsaya a kanki ba. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta ɗauki mutuwar uwarta ta ɗora a kanta, ta girma da ita a gabana, muna cin abinci a gida ɗaya. Ina ganin tana da shiru-shiru ina cewa halinki ta gado. Me ya sa ba ki ce mata ba ita ba ce? Na san dalili. Da kin faɗa, da sai kin faɗi wanda ya ɗauka, ke kuma ba za ki ɓata uba a idon ɗiyarsa ba. Har a ranar kina rufa mini asiri.

Na ajiye biro a nan, don an leƙo an kira mijin Lami. Yanzu na dawo.

An ciro ɗiya mace. Ƙarama ce ƙwarai, sun sa ta a kwalba, amma tana numfashi. Ta gilashi aka nuna mana ita, tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Kin yi jika, Hajara. Lami kuwa ba ta farka ba tukuna. Likita ta ce aiki ya yi kyau, amma kada mu saki jiki, jijjigar tana iya zuwa ko bayan haihuwa, sai an ga kwana biyu. Na tambaye ta da mun zo mako biyu da suka wuce fa? Ta kalle ni kawai ta wuce. Mako biyun nan nawa ne. Na gani da idona, na sani fiye da kowa a garin nan, amma na tsaya aike da kewaye-kewaye ina lallaɓa mutuncina. In wani abu ya same ta, me zan ce? Wa zan ce ya yi mini dariya a wannan karon?

Hajiyar Nasiru ta iso, tana can zaune da carbi. Ban ji haushinta ba. Abin da aka yi mata ne take yi wa wata, kuma ita ta tsira, shi ya sa take ganin daidai ne.

Ɗazu Nasiru ya zo ya durƙusa gefen bencin nan, idonsa ja. Ya ce yana so in yi wa jaririyar huɗuba, kuma yana so a sa mata sunanki, in na amince. Bakina ya buɗe zan ce na amince, kamar yadda na saba yanke komai. Sai na rufe shi. Na ce ba ni za a tambaya ba, ba shi kaɗai ba kuma. A jira uwarta ta farka, ita da aka yanka, a ji abin da take so. Ya ce to, Baba. Mu biyu kowa ya ji kalmar farkawa da na faɗa, kuma ba wanda ya san yaushe ne, ko ma za ta farka.

Ban san ko za ta sake kallona ba in ta tashi. Na yarda kada ta kalle ni har in mutu, in dai za ta tashi. Ban san ko kin yafe mini kafin ki cika ba, kuma babu wanda zan tambaya. Ina tsoron ranar da za a tsayar da mu ni da ke a tambaye ni, ina tsoron ƙofar nan da ke bayana duk lokacin da aka buɗe ta.

An fara kiran magariba. Zan je in yi alwala in dawo kan bencin nan, ba inda za ni. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya ba ki abin da ban ba ki ba. Sai mun zo.

Mijinki,
Garba mai hatsi, Runjin Sambo